Turancin Inna da Ruwan Jego

Duk shekara idan zango na biyu ya kama, sai na tsaya gaban allo a makarantar da nake koyar da Turanci a Argungu, na jera wa yara 'yan kalmomin nan da ke shiga gaban aikatau: "can", "may", "must", "should", "will" da 'yan'uwansu. Yara su kwafe, su haddace, su ci jarrabawa, washegari kuma wani ya leƙo ofis ya ce mini "Give me chalk" kamar ya ba ni ajiya. Na daina jin haushi. Amma duk sanda na rubuta "may" a allo sai na tuna ɗalibar da ta fi duk waɗanda na taɓa koyarwa, wadda ba ta taɓa zama a bencin boko ba, ba ta kuma san harafi ɗaya na rubutunsa ba. Mahaifiyata ce, Inna.

Yayana shi ne ɗan farinta. Bautar ƙasa ta kai shi kudu, aiki ya riƙe shi a can, har ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Musulma, wadda uwarta ta rasu tun tana makaranta. Anti nake ce mata. Tana da yarenta, tana da Turanci, Hausarta kuwa ba ta wuce "ina kwana" da "na gode" ba. Da aka dawo da Yaya aiki Birnin Kebbi cikinta ya riga ya tsufa, sai suka sauka a gidanmu na unguwar Nassarawa. Baba ya riga ya rasu a lokacin, gidan daga Inna sai ni idan na zo hutu.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai rantse Inna ba ta ƙaunar Yaya. Ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa, ko "yayanki". Idan ya durƙusa gaishe ta, tana amsawa tana kallon tukunya. Kunyar ɗan fari ke nan, Inna kuma da hannu biyu ta riƙe ta, har ta shafi matarsa. Za ta tashi da asuba ta dama kunu, ta zaɓi tsokar kifi mafi kyau ta sa a kwano, amma ni za ta miƙa wa in kai. Idan Anti ta fito tsakar gida, Inna ta amsa gaisuwa ta shige ɗaki. Ni na san girmamawa ce. Anti kuwa ta ɗauki abin yadda kowace baƙuwa za ta ɗauke shi, wato uwar miji ba ta son ganinta. Na yi mata bayani har na gaji, tana gyaɗa kai don kada ta ƙaryata ni.

Ta haihu cikin hutun bazara, namiji, lokacin da zafin Kebbi yake sa mutum ya ji haushin rigarsa. A al'adarmu haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego. Anti ba ta da inda za ta. Washegarin haihuwa sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta sauka daga kabu-kabu daga Ambursa, da damin ganyen dogon yaro da ƙullin kanwa. Gwaggo mace ce mai kirki, amma kirkinta ba ya tambaya. Ta wanke masu jego da yawa a danginmu, kuma a wurinta ruwan da bai sa mutum ƙara ba bai yi aiki ba.

Ni ce tafinta. Safe da yamma a tafasa garwa, Gwaggo ta tsoma ganye ta fyaɗa wa Anti a jiki, ta fito a dama mata kunun kanwa kwano guda. Tun rana ta farko Anti ta ce in faɗa wa Gwaggo, cikin ladabi, cewa ta ga mata da yawa a asibiti waɗanda ruwa mai zafin nan da yawan kanwa suka taɓa wa zuciya, a rage mata. Na faɗa. Gwaggo ta dube ni kamar ni na ƙirƙiro maganar.

"Hwaɗa mata dole na. Mu haka anka yi muna, uwayenmu haka anka yi musu. Kanwa ita ka ɗaure jiki, ita ka kawo nono."

Na juya na ce, "She says you must." Kuma haka na yi ta cewa har aka yi suna: dole ki yi wanka, dole ki sha, dole ki kwanta a gadon da aka sa wa garwashi. Gaskiya na fassara, ban ƙara ba ban rage ba. Inna tana gefe tana hura wuta abinta, don ba ta taɓa musu da yayar mijinta ba tun da aka kawo ta gidan.

Bayan suna Gwaggo ta koma Ambursa, don an fara yankan shinkafar rani, ta bar wa Inna amanar ci gaba da wankan yadda ta fara. A ranar Anti ta kira ni ɗaki ta nuna mini kafaɗarta, inda fata ta tashi. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta yi magana da 'yar'uwar mahaifiyarta a kudu, da zarar ta ji ƙarfin zama a mota za ta ɗauki ɗanta ta tafi, kuma ba ta sani ba ko za ta dawo. Ta ce ba zafin ruwan ne ya fi damunta ba. Tun da ta shigo gidan nan, in ji ta, ba wanda ya tambaye ta komai. Jakarta tana ƙarshen gado, rabinta a shirye.

Na san Yaya. In ta tafi ba ta dawo ba, zai nemi a mayar da shi kudu, kuma ba zan ga laifinsa ba. Inna za ta rasa ɗan da ta jira shekaru ya dawo gida, ta rasa jikan da aka sa wa sunan Baba, kuma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce wa kowa ya tsaya ba. Ga hutuna yana ƙarewa, in na koma Argungu babu ko tafinta a tsakaninsu.

Na samu Inna tana tsintar shinkafa a faifai na kwashe duka na faɗa mata. Ta ci gaba da tsintarta. Can sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Turancin ga da kika cin abinci da shi, koya min."

Na yi dariya na ce, "Inna, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ba gora nika so ba, ludayi ya ishe ni. Mi kika ce mata duk kwanakkin ga in Gwaggonki ta yi magana?"

Na ce "must", na ce ita ce dole. Ta juya kalmar a bakinta ta mayar.

"Wagga ta yi nauyi ga bakin uwar miji. Gwaggonki na iya ɗaukarta, ni ba ni iyawa. Babu ƙarama?"

Nan malamar da ke jikina ta motsa, na gyara zama. Na ce akwai "should", ita ce ya kamata. Akwai "can", kina iyawa. Akwai "will", ta abin da mutum ya ɗaura niyya. Akwai "may", ta neman izini da ta ba da shi. Na ce dokarsu ba wuya: su shiga gaba, aikin ya biyo baya tsurarsa ba a ƙara masa komai. "You can eat, you can sit, you can sleep." In tambaya ce sai a juya, kalmar ta riga mutum: "Can you eat? May I sit?" In hani ne a liƙa mata "not" a baya. Inna ta ce, "Ashe miya guda ta, tuwon aka canzawa." Tun daga ranar haka nake faɗa wa ɗalibaina, kuma sun fi ganewa.

Sai ta tambaye ni wacce mutum yake faɗa in ya tsaya a bakin ɗakin da ba nasa ba. Na ce, "May I come in?" Ta ce wannan za mu fara. Na tuna mata cewa gidan nata ne, ɗakin ma da kuɗin Baba aka gina shi. Ta harare ni ta ce in koya mata abin da ta tambaya.

Ba zan ce Inna ta iya Turanci ba, don ƙarya ba kyau. Harshenta ya lanƙwasa kalmomin yadda ya ga dama, kuma ta ƙi yarda a yi amfani da ɗaya in biyu za su samu. "May I can sit?" take cewa, wai don ladabin ya yi kauri. Na ce ba sa haɗuwa su biyu a gaban aiki ɗaya. Ta ce to ta gane, kamar limamai biyu ga salla guda. Kwana biyun da suka rage mini kowa a gidan ya sha Turanci. Akuya ta nufi faifan shinkafa, Inna ta ce mata "You cannot eat", akuyar kuma ta ci abinta. Ina wanke-wanke ina jin ta a madafa tana maimaitawa a hankali, yadda take bitar karatunta na Islamiyya. Mace mai jika, mai ciwon gwiwa, tana ta faɗuwa tana tashi a kan kalma huɗu. Ban taɓa jin girmanta ya cika mini ido kamar lokacin ba.

Safiyar da zan koma Argungu, ruwa ya tafasa kamar kullum. Na miƙe zan je in kira Anti, Inna ta yi mini alama da hannu in zauna. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta taka har bakin ɗakin, ta tsaya a bayan labule.

"May I come in?"

Sai muryar Anti, ƙasa-ƙasa, kamar wadda ba ta yarda da kunnenta ba: "Yes, Inna. Come in."

Ban shiga makewayi tare da su ba, amma ina tsaye kusa, kuma daga baya Anti ta ba ni labarin abin da ban gani ba. Inna ta ajiye bokitin ruwan sanyi kusa da garwar zafin, ta miƙa wa Anti ƙwarya, ta nuna bokitin ta nuna garwar ta ce, "You can." Kalmar surkawa ba ta cikin abin da na koya mata, hannu ya ƙarasa zancen. Anti ta surka da kanta har ya yi mata daidai, ta gwada da gwiwar hannu yadda suke yi wa jarirai a wurin aikinta. Inna ta tsoma ganyen, ta ɗaga, ta tsaya.

"May I?"

Anti ta gyaɗa kai. Kafin ta taɓa bayanta ta sake tambaya, kafin ta taɓa cikin ta sake tambaya. Da ta zo kafaɗar da ta tashi, ta ajiye ganyen ta zuba ruwan da tafin hannu. A nan ne Anti ta yi kukan da ba ta yi a gabana ba, Inna kuma ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da aikinta. Da suka fito ta dama kunun shinkafa da gyaɗa, babu kanwa, ta ajiye a gabanta da hannunta ta ce, "You may drink." Ta ɗan yi tunani ta ƙara wadda ta sa na maimaita mata sau da yawa: "You can say no." Anti ta shanye kwanon.

Na koma Argungu, darasi ya koma ta waya. Sai in fito daga aji in ga Inna ta kira. Yau tana son ta ce ko za ta iya goya yaron, gobe tana son ta ce ya kamata mai jego ta yi barcin rana. Idan na zo ranar Juma'a sai in tarar da su a tabarma ɗaya, ɗaya tana gyaran albasa ɗaya tana ba da nono, suna hira da kalmomi goma da hannuwa huɗu. Jikan kuwa "maigida" Inna take ce masa, tana zaginsa wai ya zo ba ko kuɗin cefane.

A irin wannan zuwan ne Gwaggo ta dawo duba amanarta. Ta tsoma yatsa a ruwan wanka ta ciro, ta leƙa kwanon kunu ta shinshina, sai ta fara. Ta ce an mayar da jego wasan yara, ta ce in jikin yarinyar nan ya yi sanyi kada a neme ta. Na zata Inna za ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Sai na ji ta ce, murya a kwance:

"Hajiya, ki yi haƙuri. Jikinta na, koma aikinta ke nan duba marasa lahiya. Da uwatta na da rai da ta tambaye ta kahin ta zuba mata ruwa. Ni na tsaya madadinta."

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, an koya wa tsohuwa Turanci ta fara mayar da magana. Na ce ai gemu ba ya hana ilimi. Ta ce in rufe mata baki, ni na kawo fitinar gidan. Ta yi fushi ta ƙi cin tuwo, amma da za ta hau kabu-kabu sai da ta koma ta ɗauki yaron ta tofa masa addu'a.

Duk da haka jakar Anti tana nan a ƙarshen gado, ba a kwance ta ba. Inna tana ganinta kullum in ta shiga. Da arba'in ya matso na ce mata bari in koya mata yadda za ta ce kada ta tafi, ga "You must not go", in ta yi nauyi ga "You should not go". Ta girgiza kai.

"Akuyad da anka ɗaure ba a cewa ta san gida."

Raina ya ɓaci, na ce to shi ke nan mu zuba ido ta tafi da yaro. Sai da yamma ta ce in zo in yi mata tafinta, don wannan maganar ta fi ƙarfin ludayinta. Ta zauna gaban Anti ta ce in faɗa mata muna da al'ada, idan mai jego ta yi arba'in takan ɗauki ɗanta ta zaga dangi a gan shi, yawon arba'in ake ce masa. Danginta suna kudu, saboda haka can ya kamata ta je, kuma ita Inna ita za ta haɗa mata tsaraba. Ina fassarawa ina jin abin yana sauka a raina. Tafiyar da Anti ta shirya, wadda da unguwa za ta kira yaji, Inna ta mayar da ita hakkinta. Za ta fita ta ƙofar gida da rana tsaka, ba wanda zai yi da ita, kuma in ta ga damar dawowa ba sai an je biko ba.

Aka haɗa kaya. Inna ta sa aka sayo albasar Augie, ni na zo da busasshen kifi daga Argungu, sai ga ɗan kabu-kabu da rabin buhun sabuwar shinkafa daga Ambursa, wai in ji Gwaggo kada mutanen kudu su ce ba mu da abinci.

Inna ba ta rakiya, amma ranar ta yafa mayafi ta bi mu tasha. Ita ta riƙe yaron har direba ya fara kiran fasinja. Ta miƙa shi, ta gyara masa hula, sannan ta dubi Anti ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Tambayar ta sa na koya mata ta waya, kuma ita kaɗai ce ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

"Will you come back?"

Anti ta kama hannunta ta ce, "I will, Inna."

Yaya yana tsaye yana kallon tayar mota kamar shi zai gyara ta. Inna ta juyo gare ni ta ce in ce wa wancan ya ɗaga wa yarinya jaka.

Makonni suka wuce. Inna ba ta tambayi Yaya komai ba, amma kullum sai ta share ɗakin, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta bar abin da take yi. Na fara shirya yadda zan lallashe ta in abin bai yi daɗi ba. Wata ranar Asabar muna ɗakinta ina matsa mata gwiwa, sai muka ji an tsaya a bayan labule, da kukan yaro, da wata Hausa mai ɗingishi:

"Inna, in shigo?"

Inna ta janye ƙafarta daga hannuna, ta gyara ɗankwali, ta ce, "You may."

Shekaru sun tafi bayan wannan. Anti ta ƙara haihuwa uku, duka Inna ta wanke ta, kuma yau in tana ciniki a kasuwa ba mai cewa ba a Nassarawa aka yanke mata cibiya ba. Turancin Inna bai ƙaru ba, don buƙatarsa ta ƙare. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Anti ce ta ɗauki hutu ta yi jinyarta, ni ina zuwa ina komawa.

Ranar da ta rasu, da aka zo wanka, Gwaggo ta tsufa ƙwarai amma ta ce a zaunar da ita a ciki ta nuna yadda ake yi. Ni na kasa. Gwaggo ta dubi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa wa Anti ƙwaryar. Anti ta tsoma gwiwar hannu a ruwan da aka sa wa ganyen magarya, ta ce a ƙara na sanyi kaɗan, aka ƙara. Ta yi bisimilla, ta ɗebo, ta sunkuya daidai kunnen Inna ta ce a hankali, "Inna, may I?"

Ta ɗan jira, sannan ta zuba.